Idan haƙoran noti suka cinye a kafireto: Yadda ake ceto tsofaffin motoci a Azare da Katagum

Duk wanda ya saba bin hanyoyin da suka tashi daga Azare zuwa Gamawa, ko Misau, ko garin Katagum da ke Ƙaramar Hukumar Zaki a Jihar Bauchi, ya san cewa har yanzu tsofaffin motoci ba su gama aikinsu ba. A ranakun kasuwa ana ganin a-kori-kura ƙirar Peugeot, wadda jama'a suka fi sani da Fijo, ɗauke da buhunan gero da wake da riɗi, wani lokaci har da awaki da fasinjoji a kan kaya. Da yawa daga cikin motocin sun girmi direbobin da ke tuƙa su.

Kusan dukkansu da kafireto suke aiki, wato na'urar da ke gauraya fetur da iska kafin su shiga cikin inji. Daga cikin matsalolin da suka fi kai wannan na'ura gareji akwai wadda ake rainawa saboda ƙanƙantarta: bakanike ya ɗaura noti, ya ji yana ta juyawa ba ya kamawa, domin haƙoran da ke cikin ramin sun cinye. A wani sashe na mota ana iya haƙuri da irin wannan har a samu sarari. A jikin kafireto kuwa, noti ɗaya da ya saki yana iya jawo yoyon fetur, ko shan mai fiye da kima, ko ma gobara a tsakiyar hanya.

Motar Peugeot 504 ta fara fitowa ne a Faransa a shekarar 1968. Kamfanin Peugeot Automobile Nigeria ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, kuma bai daina haɗa 504 ba sai a 2006, bayan Faransa kanta ta daɗe da barin ƙera ta. Wannan ne ya sa motar ta zama tamkar 'yar gida a Arewa. Kanikawa sun san cikinta da wajenta, kuma direba mai ɗan wayo yana iya tayar da ita a daji da sifana da sukudireba kawai. Sai dai asalin kafireton da ta zo da shi, na kamfanin Solex ko na Zenith, ya zama abu mai wuyar samu sabo. Wanda ke jikin motar, idan na asali ne, ya fi cancanta a yi masa gyara na ƙwarai da a jefar da shi.

Abin da ya sa jikin kafireto yake da rauni

Aikin kafireto ya dogara ne ga wata ƙa'ida mai sauƙi. Idan iska ta ratsa ta maƙogwaro mai ƙunci, gudunta yana ƙaruwa, matsinta kuma yana raguwa, sai ta zuƙo fetur daga wani ɗan kofi ta cikin ƙananan ramuka da aka auna faɗinsu, waɗanda kanikawa ke kira jet. Injin fetur yana ƙona mai sarai ne idan aka haɗa kusan kashi 14.7 na iska da kashi 1 na fetur bisa nauyi. Duk wata kafa da mai ko iska za su bi ba tare da an auna su ba tana ɓata wannan lissafi.

Domin a samu waɗannan ƙananan hanyoyi masu sarƙaƙiya a farashi mai sauƙi, masana'antu sun riƙa zuba jikin kafireto ne da narkakken ƙarfe a cikin mazubi. Mafi yawan na wancan zamani an yi su da gaurayen tutiya da ɗan alminiyam kimanin kashi 4 cikin 100, wanda ake kira Zamak, da aka fara sarrafa shi a Amurka a 1929. Wasu kuma alminiyam ne. Duka biyun suna da taushi idan aka kwatanta su da baƙin ƙarfen da ake yin noti da shi, ko tagullar da ake yin jet da ita. Saboda haka duk lokacin da aka yi ja-in-ja tsakanin noti da jikin kafireto, jikin ne ke shan kashi.

Akwai wani abu kuma da masana kimiyyar injuna suka daɗe da tabbatarwa. Nauyin ɗauri ba ya rarrabuwa daidai a kan dukkan haƙoran rami. Haƙorin farko shi kaɗai yana ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma ukun farko ne ke ɗauke da mafi yawan nauyin. Da zarar na farko ya karye, nauyinsa ya koma kan na biyu, shi ma ya bi sahu. Abin da ya sa ke nan noti ke sakin jiki farat ɗaya bayan ya yi kamar ya kama, a fito da shi a ga wani siririn zobe na farin ƙarfe ya naɗe a jikinsa. Wannan zoben shi ne haƙoran ramin da suka tsinke.

Yadda yanayin yankin ke ƙara tsananta abin

A ƙasashen da aka ƙera waɗannan motoci, ana iya shekara da shekaru ba a buɗe kafireto ba. A Azare da kewaye ba haka abin yake ba. Ƙurar hunturu, da rairayin hanyoyin ƙauye, da man bumburutu da ake zubawa daga jarka da galan, duk suna tara datti a cikin kofin mai, su toshe jet. Direba ya ji mota tana shaƙewa, sai a tsaya a kwance murfi, a busa, a mayar. Ramin da aka tsara domin a buɗe shi 'yan lokuta a tsawon rayuwar mota, sai ga shi ana kwance shi ana ɗaurawa duk wata, sau da yawa a bakin titi, inji da zafinsa, yashi kuma a jikin notin.

Gurɓataccen mai ma yana da nasa kason. A watan Fabrairun 2022 hukumomi sun tabbatar da cewa an shigo da fetur mai ɗauke da sinadarin methanol fiye da ƙa'ida cikin ƙasar nan. Irin wannan sinadari, da kuma ruwan da kan kwanta a ƙasan tanki, suna cin tutiya da alminiyam, su bar wani farin gari a cikin kofin mai, su kuma raunana haƙoran da ke nutse a ciki.

Amma babban mai laifi shi ne hannu. Yaron gareji da ya ga mai yana tsattsafowa daga murfi yakan ɗauka cewa maganin abin shi ne a ƙara matsewa, alhali kuwa gaskit ne ya mutu, ko murfin ya lanƙwashe. Wani kuma ya soma ɗaura noti a karkace, ya ji ya yi tauri, ya sa ƙarfi. Sannan ga batun awo, wanda ya fi shafar motocin Faransa. Kamfanonin can sun yi amfani sosai da noti mai kaurin milimita 7, wanda sifana mai lamba 11 ke kamawa, awon da ba kasafai ake samunsa a motocin Japan ba. Idan irin wannan noti ya ɓace, aka laluba cikin gwangwanin tarkace aka ɗauko mai milimita 6, zai shiga domin tazarar haƙoransu ɗaya ce, amma bakin haƙoran kawai zai kama, ya tsinke su. Idan kuma aka tura mai milimita 8, zai farfasa su gaba ɗaya, wataƙila har ya tsaga bangon ramin.

Gyaran da ke kai mota gida, da wanda ke kai ta ga wuta

Dabarun gaggawa sanannu ne. Wasu suna naɗa zare ko leda ko farin tef na masu gyaran famfo a jikin noti. Wasu suna cusa siririyar wayar lantarki cikin ramin domin noti ya samu abin cizo. Wasu kuma suna ɗaura sukurun katako ko na kwano, wanda ke yanka wa kansa hanya. Idan a kan notin da ke riƙe matacin iska ne, irin wannan yana iya kai direba gari. A wurin da fetur ke bi kuwa, haɗari ne tsantsa. Leda tana lalacewa a cikin mai da zafi, tef ɗin famfo yana yagewa ya bi mai ya toshe jet ko ya maƙale a bakin allurar da ke tsayar da mai idan kofi ya cika, sai kafireto ya yi ambaliya. Sukurun kwano kuma yana buɗa ramin ta yadda gyaran ƙwarai zai yi wuya daga baya.

Gam mai kala biyu da ake cakuɗawa, wanda ake sayarwa a kowane shagon kayan gyara, yana da amfaninsa, amma haƙoran da aka yi da shi ba sa jure ɗauri da kwancewa, kuma yawancin irinsa suna laushi idan sun daɗe cikin fetur da zafi.

Mafi muni shi ne kai kafireto wurin mai walda. Gaurayen tutiya yana narkewa ne a zafin da bai kai digiri 400 a ma'aunin Salshiyos ba, alminiyam kuma a digiri 660, alhali harshen wutar waldar gas yana haura digiri 3,000. Waɗannan ƙarafa ba sa yin ja kafin su narke kamar baƙin ƙarfe, don haka ba sa ba mai walda wata alama. Kafin ya ankara gefen ya zube, ƙananan hanyoyin mai da ke cikin bangon sun toshe. Hayaƙin tutiya kuma yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji ga wanda ya shaƙa.

Gyara na ƙwarai yana farawa ne da sauke kafireton daga kan inji, a juye man da ke ciki, a warware shi a kan teburi mai tsabta, nesa da wuta da taba. Huda shi yana kan mota ganganci ne, domin ɓarɓashin ƙarfe zai faɗa cikin inji, tartsatsin injin huda kuma yana iya haɗuwa da tururin fetur.

Daga nan sai a duba ramin da kyau, domin ba kowane rami ne ke buƙatar babban aiki ba. Sau da yawa notin da ke ciki gajere ne, kuma akwai lafiyayyun haƙora a can ƙasa da bai taɓa kaiwa gare su ba. A auna zurfin ramin da tsinke, a samo noti mai awo iri ɗaya da ya ɗan fi tsawo, a tabbata dai bai tokare ƙasan ramin ba. A ƙarfe mai taushi ana so noti ya nutse aƙalla ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na kaurinsa. Idan kuma ramin ya fita ta ɗaya gefen, kamar yadda yake a kunnuwan murfin wasu kafiretocin, sai a zura dogon noti a kama shi da uwarsa da washa ta ƙasa. Ba shi da kyan gani, amma yana da aminci.

Idan waɗannan ba su yiwu ba, akwai ƙara girman rami zuwa awo na gaba da ƙarfen yanka haƙora, wanda ake kira tap. A nan lissafi yana taimakawa. Ramin noti mai milimita 5 da ya cinye yakan zama daidai faɗin da ake buƙata domin yanka haƙoran mai milimita 6, haka kuma ramin mai 6 yakan dace da na mai 7. Sharaɗin shi ne a samu isasshen kauri a bangon ramin, kuma a tabbata babu hanyar mai ko ta iska da ta gifta kusa. Dole ne kuma a ɗan faɗaɗa ramin murfi domin sabon notin ya wuce. Aibin wannan hanya shi ne kafireton ya koma yana da noti iri biyu, kuma bakaniken gaba da bai sani ba yana iya musanya su.

Hanyar da masana suka fi yarda da ita ita ce sanya zoben waya. Wata waya ce ta ƙarfe mara tsatsa da aka naɗe kamar sifirin, wadda aka fi sani da sunan kamfanin Heli-Coil. An ƙirƙiro ta ne a Amurka a ƙarshen shekarun 1930 domin injinan jiragen sama masu jikin alminiyam, waɗanda ke da irin wannan matsala. Bayan wayar yana kama jikin kafireto, cikinta kuma ya zama sababbin haƙora masu awon notin asali. Ana sayar da ita ne a ƙunshi ɗaya da bakin huda, da tap nata na musamman, da sandar murɗawa. Tap na yau da kullum ba ya yi mata.

Ga noti mai milimita 6, ana huda ramin da baki mai milimita 6.3. A toshe sauran ramuka da tef, a kafe kafireton a kan teburi tsakanin katako biyu ba tare da an matse shi sosai ba, a sa alama a jikin bakin hudar domin kada ya zarce zurfin da ake so. Abu mafi muhimmanci a dukkan aikin shi ne a huda a miƙe. Ƙarfen yana da taushi ƙwarai, har wasu ƙwararru sun fi son juya bakin hudar da hannu a kan amfani da injin lantarki, wanda kan fizge ya karkace. Sai a shafa wa tap ɗan giris domin ya kama ɓarɓashi, a riƙa murɗa shi rabin zagaye gaba, a ɗan dawo da shi baya, har a kai ƙasa. A wanke ramin, a busa shi, a murɗa wayar har ta nutse kaɗan ƙasa da bakin rami, kimanin rubu'i zuwa rabin zagaye. A ƙarshe a karya ɗan harshen da ke gindinta, a kuma tabbata an fito da shi, domin idan ya ɓace a cikin kafireto, wata rana a bakin jet za a same shi. Ramin da aka yi wa wannan aiki yakan fi na asali ƙarfi, saboda nauyin ya bazu a kan faɗi mafi girma, kuma daga ranar noti da ƙarfe mai tauri yake gogayya.

Wurare biyu da ke buƙatar hattara

Mashigar mai, inda tiyo daga famfon mai ke haɗuwa da kafireto, ita ce wuri mafi haɗari, domin mai yana zuwa nan ne da matsi muddin inji yana aiki. Haƙoran noti a wannan wuri ba su ne ke hana yoyo ba. Washa ce ke yin wannan aiki, ta jan ƙarfe ko ta alminiyam ko ta faiba, wadda ke kwanciya a kan shafaffen bakin rami. Idan aka yanka sababbin haƙora a karkace ko da kaɗan ne, washa ba za ta kwanta daidai ba, mai zai ci gaba da tsattsafowa, a ƙara matsewa, a koma gidan jiya. A wasu kafiretocin Solex kuma, musamman na motar Volkswagen Beetle da aka taɓa haɗawa a Legas, bututun tagulla ne aka cusa da matsi ba tare da haƙora ba. Idan ya tsufa yakan zare, fetur ya fesu a kan inji mai zafi, kuma an san wannan a matsayin sanadin gobarar irin waɗannan motoci a ƙasashe da dama. Maganinsa shi ne a yanka haƙora a ɗaura bututu mai noti, a kama tiyon da kilif.

Na biyu shi ne mazaunin jet. Haƙoransa sirara ne, sau da yawa kuma awonsu na kamfanin ne shi kaɗai, bangon wurin ba shi da kauri. Idan ya cinye, mai yana bi ta gefen jet ba tare da awo ba. Alamominsa su ne baƙin hayaƙi, da filogi mai baƙin toka, da rashin daidaiton silo, da tanki mai saurin ƙarewa. A nan sai dai a kai wa masu injin sassaƙa ƙarfe su fitar da ɗan bututun tagulla mai haƙora ciki da waje, a dasa shi a wurin. Idan babu kaurin da zai ɗauki hakan, ko an ga tsaga ta ratsa bangon, ko ƙarfen ya soma kumbura yana marmashewa saboda tsufa, to jikin ya gama yayi.

Wanda ya kai wannan matsayi yakan nufi kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna neman na hannu. Ya kamata ya tafi da notinansa ya gwada kowane rami kafin ya biya, ya kuma girgiza sandar totur ya ji ko ta yi sako-sako, domin wanda aka ciro daga wata tsohuwar motar yana iya zuwa da irin ciwon da ake gudu. Akwai kuma sababbi na kwaikwayo da ake shigowa da su, waɗanda ingancinsu ya bambanta, kuma ba lallai ne awon jet ɗinsu ya dace da injin ba.

Batun kuɗi ma ya sauya lissafin. Kafin Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Zuwa watan Oktoban 2024 ta haura naira 1,000 a sassa da dama. A irin wannan farashi, motar haya da ke asarar lita ɗaya tak a rana saboda yoyo ko jet mai sako-sako, idan ta yi aiki kwana 300 a shekara, ta ƙona wa mai ita naira 300,000 a banza. Ƙunshin wayar gyara guda ɗaya kuwa yana isa a gyara ramuka da yawa, kuma kanikawan gareji ɗaya, ko reshen ƙungiyarsu ta NATA, suna iya haɗa kuɗi su mallaki awo uku ko huɗu da aka fi buƙata. Amfaninsa bai tsaya kan motoci ba, domin baburan 'yan acaɓa, da janareto, da injinan ban-ruwa da manoman rani ke amfani da su a fadamun Kogin Jama'are duk da kafireto suke aiki, kuma jikinsu irin wannan ƙarfen ne.

Bayan an gama gyara, sai a duba ko murfi da gindin kafireton sun lanƙwashe ta hanyar ɗora su a kan gilashi, a goge tudun da takardar yashi mai laushi idan akwai. A sa sabon gaskit. A soma ɗaura kowane noti da yatsu har zagaye uku kafin a sa masa sukudireba, a riƙa matse su kaɗan-kaɗan ana tsallakawa daga wannan kusurwa zuwa kishiyarta, a tsaya da zarar washa ta kwanta. Sai a tayar da inji a fili, da abin kashe gobara ko bokitin yashi a kusa, a bar shi ya yi zafi, a goga farar takarda a ƙarƙashin mashigar mai da kewayen murfi. Idan takardar ta fito a bushe, a sake gwadawa bayan tafiyar farko, sannan a ƙara dubawa washegari da safe kafin a yi lodi.